Kafin a sayi makirfo, a sayi biro

A 'yan shekarun nan da wuya ka zaga Nima ko Mamobi ko Aboabo ba ka ci karo da saurayin da zai ce maka ya buɗe lebul ba. Lebul dai shi ne sunan da yaranmu ke kiran kamfanin waƙa, wato wanda ke ɗaukar mawaƙi, ya biya kuɗin naɗar waƙarsa, ya fitar da ita kasuwa, a raba abin da ya shigo. In ka matsa da tambaya, sai ka tarar abin da ke ƙasa bai wuce suna mai daɗin faɗi ba, da tambarin da aka zana a waya, da riguna goma masu ɗauke da tambarin, da ɗaki guda da aka manna wa soso a bango. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Saurayin da ya tara kuɗinsa ya sayi kwamfuta da makirfo ya fi wanda ya tara ya miƙa wa masu kai mutane Libiya ta hamada. Amma ina da magana da waɗannan samari, da iyayensu, da alhazan da ake zuwa wa a ce su zuba jari, domin abin da nake gani shi ne muna shirin maimaita asarar da mawaƙan Gana suka daɗe suna kuka da ita, kuma wannan karon da hannunmu.

Cewa zango na buƙatar kamfanonin waƙa nasa na kansa, wannan ba abin musu ba ne a wurina. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Manyan gidajen rediyon Ankara da Kumasi kuwa waƙar Tuwi da Turancin buroka suka fi sakawa, don nan masu talla suke. Manyan kamfanonin waƙa ma kasuwa suke bi, ba ƙiyayya ba ce. Wanda ke zaune yana jiran wani daga Ist Legon ya shigo lungun Sabon Zango neman mai waƙar Hausa, to zai daɗe a zaune.

Kuma ba gwaninta muka rasa ba. Daga Nima ƙungiyar VIP ta fito, suna cuɗa Hausa da Tuwi da Turanci, har suka ci kambun gwarzon mawaƙin shekara na Gana a 2004, suka sake ci a 2011. Black Sherif ɗan zangon Konongo ne, shi ma ya ɗauki wannan kambu a 2023. A Tamale, Fancy Gadam ya cika filin wasan ƙwallo da waƙar Dagbanci tun kafin mutanen kudu su san da zamansa, sai daga baya waƙarsa da Sarkodie ta zama waƙar shekara a 2018. Yaran Asakaa na Kumasi ma a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsu, Life Living Records, suka taso, ba wani babba ne ya raine su ba. Darasin Tamale ne ya fi kusa da mu: mutum ya fara mallake gidansa da harshensa, kasuwar waje ta biyo shi. Mu kuma muna da abin da Dagbanci ba shi da shi. Waƙar Hausa in ta yi daɗi ba ta tsayawa a Aflawo ko Paga, tana iya kaiwa Yamai da Maraɗi da Kano da Garwa ba tare da an fassara ko kalma ɗaya ba.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce yawancin masu buɗe lebul sun ɗauka sana'ar kiɗa suka shiga, alhali sana'ar mallaka ce. Situdiyo ana hayarsa da awa. Mai haɗa kiɗa ana biyansa ya tafi. Abin da ke mai da mutum mai kamfanin waƙa shi ne tarin waƙoƙin da yake da hujjar cewa yana da haƙƙi a kansu, waɗanda za su ci gaba da kawo kuɗi bayan an manta da ranar da aka naɗe su. In babu wannan hujja a rubuce, sunan lebul ɗin ado ne kawai.

A kowace waƙa da kake ji a waya akwai dukiya biyu, kuma rashin bambance su ne ya raba abokai da yawa. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitocinta da karinta, wadda ta wanda ya tsara ta ce. Ta biyu ita ce naɗin da aka yi a situdiyo, wanda 'yan harkar ke kira masta, kuma a al'ada na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, sai in an yi yarjejeniya a kan wani abu daban. Kuɗin waɗannan biyu ta hanyoyi daban-daban suke shigowa. Mutum na iya zama shi ya rubuta, shi ya rera, amma ba shi da ikon sa naɗin a fim ko talla, don masta ba nasa ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, tana kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, naɗin sauti kuma shekara 70. Ku duba wannan adadi da kyau. Yaron da ya sa hannu a takarda yau yana ɗan shekara ashirin, ba makomarsa kaɗai ya yanke ba, har da gadon jikokinsa.

Wanda ke ganin wannan zancen Turawa ne, ya tuna da abin da ya faru da Obrafour. A 2023 ya kai mawaƙin nan Drake ƙara a Niyok, yana neman dala miliyan 10 kan an yanko wani ɗan guntun murya daga waƙarsa ta 2003 an sa a wata waƙa ba da izini ba. Maganar na fita, sai Mantse Aryeequaye ya fito ya ce ai muryar da aka yanko ɗin tasa ce, kuma shi bai sallama wa kowa haƙƙinsa ba. Ba ni ne alƙali ba, ba kuma zan ce ga mai gaskiya ba. Abin lura shi ne, 'yan daƙiƙoƙin murya da aka naɗa shekara ashirin baya, a lokacin da ba wanda ya zaci za su kai ko'ina, su ne suka zama abin shari'a a ƙasashe biyu. Maganin irin wannan takarda ce guda ɗaya, wadda ake cikewa a situdiyo kafin kowa ya tafi gida: sunan waƙa, kwanan wata, sunan kowa na gaskiya kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, abin da ya yi a cikin waƙar, kasonsa cikin ɗari, sa hannunsa. Wanda aka biya shi kuɗin aikinsa gaba ɗaya, a rubuta cewa an biya shi kuma ya sallama. Ba ta cin minti goma. A ranar kowa na dariya ne ake samun sa hannu cikin sauƙi. Ranar da waƙa ta fashe, wanda ya yi tafi a bayan amshi ma sai ya tuna shi ne ya kawo karin.

Na san abin da za a ce. Mu a zango ɗan'uwa ba ya kawo wa ɗan'uwa takarda, yin haka kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Wallahi wannan kunya ta fi kowace irin cuta cin dukiyarmu, ba a waƙa kaɗai ba, har a filaye da shaguna da motocin haya. Abin mamaki kuma, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙo da rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta fara sauka, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Dokar ƙasa ma haka ta ce: sallama haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce da sa hannun mai shi. Alhajin da ya biya kuɗin situdiyo da baki kawai, yana zaton waƙoƙin sun zama nasa, zai sha mamaki a gaban alƙali.

Rajistar kamfanin kanta ba wuya gare ta ba. Ofishin magatakardan kamfanoni na yi wa mutum ɗaya rajistar sunan kasuwanci, ana sabuntawa duk shekara, sai dai a irin wannan bashin kamfani bashinka ne, har kan kayan ɗakinka. In mutum biyu ko uku ne suka haɗa kuɗi, gara kamfani mai hannun jari a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ke buƙatar daraktoci aƙalla biyu da sakatare da mai binciken kuɗi. Ya fi tsada, ya fi yawan takardu, amma shi ne ke fayyace kason kowa tun ba a yi faɗa ba. A buɗe asusun banki da lambar MoMo da sunan kamfani, kada kuɗin waƙa ya riƙa shiga layin da ake sayen koko da ƙosai da shi.

Akwai kuma wani abu da ba na jin ana maganarsa, alhali ya fi rajistar hatsari. Da adireshin imel ɗin wa aka buɗe tashar YouTube? Wa ke riƙe da kalmar sirrin asusun da ake ɗora waƙoƙi a Boomplay da Audiomack da Spotify? Sau da yawa wani yaro ne a unguwa da ya iya kwamfuta aka ce ya taimaka, ya buɗe komai da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da aka ɓata da shi, ko ya samu biza ya tafi, ko wayar ta faɗa kwata, shi ke nan, shagon gaba ɗaya ya tafi da shi. Kamfanonin da ke rarraba waƙa a intanet, irin su DistroKid da TuneCore, mai asusu suka sani, ba su san wanda ya sha wahala ba. Kowane naɗi kuma yana da lambarsa ta duniya mai harafi da alƙaluma 12, ana ce mata ISRC, da ita ake bin sawun sauraro da kuɗi. Mai lebul na ƙwarai yana da littafi, ko da na makaranta ne mai layi, da ya rubuta lambar kowace waƙa a ciki, domin in ya sauya mai rarrabawa ya tafi da lambobinsa, kada ƙidayar masu sauraro ta koma sifili.

Yanzu ga inda zalunci ke ɓuya, wato rabon kuɗi. Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi, alƙaluman nawa ne don a gane. A ce kamfani ya kashe sidi 20,000 a kan mawaƙi: situdiyo, bidiyo, talla, da ɗan kafin alƙalami da aka ba shi a hannu. A tsarin da manyan kamfanonin duniya suka saba, ana ce wa mawaƙi yana da kashi 20 cikin ɗari, amma ba zai ga ko kwabo ba sai an cire wancan 20,000 ɗin daga cikin kasonsa shi kaɗai. Ma'ana sai waƙoƙin sun kawo sidi 100,000 kafin a ce ya biya. A wannan lokacin kamfani ya mai da uwar kuɗinsa ya ci ribar 80,000, mawaƙi kuwa yana nan da sifili, kuma masta na kamfani ne. A ɗaya tsarin, wanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da dama ke bi, ana fara cire 20,000 ɗin daga dukan abin da ya shigo, sannan a raba saura biyu. A kan wannan 100,000 ɗin dai, mawaƙi zai tashi da 40,000, kamfani ma 40,000 bayan uwar kuɗinsa. Waƙa ɗaya, kasuwa ɗaya, bambancin jimla ɗaya ce a cikin takarda. Yawancin yaran da ke sa hannu ba su san akwai wannan jimla ba, kuma abin takaici, wasu masu lebul ɗin ma ba su sani ba, sun kwafo takardar ce daga intanet don ta yi kama da ta manya.

Ni tsari na biyu nake goyon baya, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya ji ƙirali: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, in kuma aka yi asara ba da sakacin mai aiki ba, mai dukiya ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Ban ce yarjejeniyar waƙa ƙirali ce daidai da sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya ba, wannan nasu ne su duba. Amma ma'aunin adalcin da ke ciki shi ya kamata alhajin da zai zuba kuɗi ya shigo da shi. In waƙa ba ta karɓu ba, kuɗinka sun tafi, Alhaji, ba za ka aika a ɗauke babur ɗin yaro ba, ba kuma za ka je wurin mahaifiyarsa da maganar bashi ba. In ba za ka iya jure wannan ba, sayi Pragya ka ba da haya, ya fi maka kwanciyar hankali. Kuma yawancin waƙoƙi ba sa mai da kuɗinsu, a ko'ina a duniya; ɗaya da ta karɓu ce ke ɗaukar nauyin sauran.

Bayan rabo, sai wa'adi. Yarjejeniyar da ba ta da ranar ƙarewa bauta ce. A ce shekara biyu ko uku, ko waƙoƙi kaza, kuma a rubuta bayan shekara nawa masta zai koma hannun mawaƙi, ko da nawa zai iya fansarsa. A rubuta cewa duk wata uku ko shida za a nuna masa lissafi, da hoton shafin mai rarrabawa, ba da baki ba. A bar masa sunansa. Mun ga yadda mawaƙin Najeriya Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel a 2018 bayan rigimarsa da kamfanin da ya fito da shi. In kamfani na son kaso a kuɗin wasannin da mawaƙi ke yi a fili da tallan da yake samu, to ya zama shi ne ke nemo su. Ban ga dalilin da mai lebul zai sa hannu a liƙin da aka yi wa yarinya a bikin 'yar ƙanwar babarta ba. In mawaƙin yaro ne ko budurwa a gaban iyayenta, a zauna da waliyyi, a karanta takardar a fassara ta da Hausa, a ba su kwana biyu su kai wa lauyan da ba na kamfani ba. Mai lebul da ya ƙi wannan, ya riga ya gaya muku ko shi wane ne.

Sai maganar inda kuɗin ke fitowa, don mafarki ya yi yawa a nan. Spotify ta shigo Gana a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan komai a kanta. Abin da ake biya ma ya danganta da ƙasar mai sauraro, domin daga kuɗin rajista da na talla na ƙasar ake rabawa. Sauraro dubu daga Ashaiman ko Kano bai kai sauraro dubu daga Jamus ko Amurka kuɗi ba, ko kusa. Saboda haka 'yan'uwanmu na Buronkis da Hambug da garuruwan Italiya, waɗanda ke kewar gida, kasuwa ce da ya kamata ƙaramin kamfani ya nema da gangan. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da tasha sai ta cika sharuɗɗanta, wanda aka fi sani shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kafin a kai can, abin da zai riƙe kamfanin zango shi ne abin da ke riƙe mawaƙanmu tun kakanni: aure, suna, wasan Sallah, taron 'yan ƙungiya, waƙar da attajira ta sa a yi mata. Wanda ya raina wannan kasuwa don yana hangen Grammy, ba zai kai Sallah biyu ba.

A yi rajista da GHAMRO, hukumar da ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal a madadin masu waƙa. Na san mawaƙa sun sha kokawa a fili kan ƙanƙantar abin da take rabawa, kuma kukan nasu na da tushe. Amma wanda ba ya cikin littafi ba shi da kaso, ba shi kuma da bakin yin ƙorafi. Ofishin haƙƙin mallaka ma na karɓar rajistar ayyuka. Kariyar doka ba ta dogara da ita ba, sai dai hujja ce mai ƙarfi ranar gardama.

Abu biyu ke kashe ƙaramin kamfani da wuri. Ɗaya shi ne kiɗan da aka sauke daga intanet. Yawancinsu haya ake bayarwa, mutum ɗari na iya hayar kiɗa ɗaya, wanda aka ce kyauta ne kuma galibi ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Ka kashe kuɗin bidiyo, waƙa ta fara tashi, sai a sauke ta ko kuɗin ya koma wa wani a Atlanta. Ga masu haɗa kiɗa a Madina da Asawase, ga makaɗan kalangu da gangar Dagomba da goge suna zaune ba aiki. Ɗayan shi ne sayen sauraron bogi. Masu cewa kawo kaza in kawo maka sauraro dubu hamsin na'urori suke kunnawa, kamfanonin kuma suna ganewa, suna sauke waƙa, Spotify har tara take sa wa mai rarrabawa, shi kuma ya juyo kanka. Ban da haka ma algus ne, ko da ba a kama ka ba.

Wata 'yar magana a gefe, kan harshe. Ina jin wasu masu lebul na matsa wa yara su gyara Hausarsu ta koma irin ta finafinan Kano, wai don a karɓe su a can. Kuskure ne a ganina. Kano na da Hamisu Breaker da Ali Jita, ba ta neman kwafinsu daga Fadama. Hausar zango, wadda Bazabarme da Bamoshe da Kotokoli da Bawangare da Badagombe suka haɗu suka gina, da Tuwinta da Turancinta da rashin damuwarta da namiji ko mace a nahawu, ita ce hajar da ba wanda ke da ita sai mu. Su yi mana dariya in sun ga dama, dariyar ma talla ce. Haka nan waƙar siyasa: duk shekara huɗu NDC da NPP na zuwa da kuɗi a hannu, kuma ba zan ce wa mai jin yunwa kada ya karɓa ba. Amma a bar ta a matsayin aikin mawaƙin shi kaɗai, kada a manna tambarin kamfani a kai, don rabin masu saye a unguwar ɗaya jam'iyyar suke.

Ban manta da cewa wasu masu karatu tun daga kanun rubutun nan suka ɓata fuska ba, suna cewa me ya kai shafin Musulmi ga koyar da harkar kiɗa. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne, ba a shafin jarida za a warware shi ba, kuma kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Amma duk abin da na faɗa ya shafi mai bege da mandiri, da mai waƙar wa'azi ba kiɗa, da mai naɗar karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi, kamar yadda ya shafi mai rap. Su ma ana ɗora muryoyinsu a tashoshin da ba su san masu su ba, talla na gudana a kai, wani na karɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a ci ta. Wanda ya ga dama ya yi waƙafi da muryarsa don Allah, ya kyauta, amma shi zai bayar da kansa, ba a ɗauke masa ba. Kuma mai kamfani Musulmi yana da ikon da mai wa'azi ba shi da shi: shi ke zaɓar abin da zai sa wa kuɗinsa. In ya ƙi biyan kuɗin bidiyon tsiraici da waƙar tallan tiramol, ya yi aikin da huɗuba goma ba su yi ba.

Da ni ke da jarin buɗe lebul a yau, ba da sabon yaro zan fara ba. Zan fara da kaset-kaset ɗin da ke cikin akwatunan iyayenmu mata: waƙoƙin aure na zangunan Kumasi da Ankara, begen Maulidi na shekarun 1980 da 1990, muryoyin zabiyoyin da suka rasu ba a taɓa rubuta sunansu a jikin faifai ba. Zaren kaset na lalacewa, damina da zafi ba sa barinsa. A nemo magada, a zauna da su, a rubuta kasonsu, domin haƙƙin bai mutu da mai shi ba, gado ne kamar gida. Waƙar da ta zama ta gargajiya, wadda ba a san mai ita ba, doka ta 690 ta damƙa ta a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son yin kasuwanci da ita sai ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa, ko da shi ɗan Gana ne. Asusun raya zango da aka kafa da dokar 2017 na da tallafa wa al'adu da ƙananan sana'o'i a cikin ayyukansa. Na'urar mai da kaset zuwa kwamfuta, da albashin mutum biyu na shekara guda, da lauya ɗaya da zai tsara takardar yarjejeniya da Hausa da Turanci wadda kowane ƙaramin lebul zai iya ɗauka kyauta, duka ba su kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Sarakunan zango da 'yan majalisar da muke zaɓa daga Ayawaso da Asawase su ne za su kai wannan buƙata, in mun tura su.